Tunanin Da Yakan Ruɗe Mu

Duk shekara idan sakamakon jarrabawar WAEC ya fito, mukan ji wani ɗalibi a nan Sukuntuni yana cewa, "Ni dai ba ni da amfani." Ɓacin rai na kwana biyu ba abin tsoro ba ne. Amma akwai wanda yakan zama ciwo, wato ciwon damuwa, ya hana barci da cin abinci, ya sa mutum ya guji jama'a.

Tun shekarun 1960 wani likitan ƙwaƙwalwa a Amurka, Aaron Beck, ya lura cewa tunanin mai wannan ciwo yakan karkace ta fuska uku. Game da kansa: ni ba kome ba ne. Game da mutane: ba mai ƙaunata. Game da gobe: ba abin da zai gyaru. Ɗalibi ya faɗi lissafi kaɗai, sai ya manta darussa bakwai da ya ci. Kamar manomi ne da ya ga tsutsa a kunya ɗaya, ya ce gonar duka ta lalace.

Mu duba annabi Iliya a Littafin Sarakuna na Fari, sura 19. Bayan nasararsa a Dutsen Karmel ya gudu daga Yezebel, ya roƙi mutuwa, yana ganin shi kaɗai ya rage. Allah bai fara da tsawa ba. Sai da ya ci, ya sha, ya yi barci, daga baya aka nuna masa akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba. Ashe lissafinsa bai yi daidai ba.

Saboda haka idan irin wannan tunani ya zo, mu rubuta shi, mu tambayi kanmu: ina shaidarsa? Da abokina ne ya faɗi haka, me zan ce masa? Mu kula da kalmomi irin su "kullum", "ba kowa" da "har abada".

Idan abin ya wuce mako biyu, ko mutum ya fara tunanin cutar da kansa, kada mu tsaya ga "yi haƙuri". A gaya wa iyaye, malami ko fasto nan da nan, a je Babban Asibitin Kankia. Akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na Tarayya a Barnawa, Kaduna. Neman magani ba rashin bangaskiya ba ne; addu'a da likita ba sa gāba.

Ubangiji ya sabunta tunaninmu. Amin.