Daga Gummi Zuwa Kudu: Fara Lissafi Da Wurin Kwana

Masu shirin tafiya Kudu da motar kansu kusan tambayarsu ɗaya ce: man nawa zai kai ni? Ni kuwa wadda nake so ka fara amsawa ita ce, a wane gari magariba za ta riske ka kowace rana? In ka san wannan tun kana Gummi, sauran lissafin ba wuya.

A Daki Takwas hanya ke rabuwa. Mai zuwa Badun ko Ikko yana iya bin Zuru da Rijau zuwa Kwantagora, ya sauka Mokwa, ya haye kogin Kwara a Jabba, sai Ilori. Mai nufin Inugu, Anacha ko Fatakwal ya bi Anka, Gusau, Funtuwa, Zariya, Kaduna, Abuja, sai Lakwaja. Kada taswirar waya ta zaɓa maka, domin ba ta san inda 'yan bindiga suka tare hanya jiya ba. Ana gobe za ka tashi, je tasha da yamma ka tambayi direbobin da suka shigo ranar.

Sammakon asuba, wanda iyayenmu suka saba da shi, yanzu ganganci ne a tsakanin Anka da Gusau, da wajen Tsafe, da dajin Zuru. Bari hantsi ya yi, motocin haya su fara wucewa, ka shiga cikinsu. La'asar ta same ka cikin gari, ko da kana jin sauran ƙarfi. Matafiyi yana da rangwamen kasaru da haɗa salla, don haka babu dalilin tsayawa a daji. Ta haka Ikko kwana biyu ne a hanya, wani lokaci uku. Ka yi kasafin kuɗi a kan uku.

Damina na da nata hukunci. A Oktoban 2022 ambaliya ta rufe hanyar Abuja zuwa Lakwaja a Koton Karfe, motoci suka yi kwanaki a tsaye. A Mayun 2025 ruwa ya yi ɓarna mai yawa a Mokwa, har gada ta tafi. Daga Agusta zuwa Oktoba, tambayi labarin kogi kafin ka kama hanya. Mai zuwa ƙasar Ibo kuma kada ya sa shigarsa ran Litinin. Tun Agustan 2021 da ƙungiyar IPOB ta kira zaman gida, ranar ba ta da tabbas.

Sai kayan da ke cikin but. Ba mu manta da mafarauta 16 da aka kashe a Uromi ta jihar Edo a Maris ɗin 2025 ba, suna kan hanyar komawa Kano daga Fatakwal. Zalunci ne tsantsa, amma ya nuna yadda 'yan banga a can ke kallon baƙo. Adda, wuƙar kugu, bindigar farauta, duk a bar su gida. Kowa a motar ya riƙe katin shaidarsa, lasisin tuƙi da inshora da takardun mota kuma su zama ba su ƙare ba. A shinge, sauke gilashi, yi sallama, kada ka yi gardama. Bakanike ya duba birki da taya da lagireto mako guda kafin tafiya, don in ya taɓa wani abu ka gwada shi a gida.

Masauki kuwa, garuruwan Kudu da yawa suna da zangon Hausawa: Sabo a Badun, Agege a Ikko, Ama Hausa a Owerri. Nemi lambar wani ɗan gari da ke zaune can tun kafin ka tashi, ya san ranar isowarka. Ka raba tsabar kuɗi gida biyu, kaɗan a aljihu, sauran a ɓoye, saboda na'urar POS kan ƙi aiki inda sabis ya yi rauni. Tankin mai kuma in ya kai rabi, cika shi a gari na gaba.