Idan Saurin Injin Juya Katako Ya Ƙi Tsayawa

Ka saita gudu, ka ɗora kurfi a kan katako, sai injin ya yi sanyi ko hannun sauya gudu ya zame da kansa. A injina masu tsarin Reeves, inda kowane fuli ya rabu gida biyu yana buɗewa yana tsukewa, gyaran bai cika wuya ba.

Cire wuta tukuna, sannan ka buɗe murfi. Fara da bel. Da gefensa yake kamawa, don haka idan gefen ya cinye ko ya yi sheƙi, zai nutse cikin fuli ya riƙa sulɓewa. Sauya shi da mai faɗi da tsawo iri ɗaya. Kada a ce maka “wannan ma zai yi”.

Amma mafi yawan laifin na datti ne. Garin katako yakan cakuɗe da tsohon giris a kan sandar da rabin fulin ke zamewa, har sifirin da ke tura shi ya kasa. Wanke da kananzir, goge, ka shafa mai kaɗan. Kaɗan fa, domin ɗigo ɗaya a fuskar fuli ya isa ya dawo da matsalar. Kada ka buga fulin da guduma, ƙarfensa ba ya jure duka.

Idan hannun ne ke komawa baya, duba ƙusar da ke shiga ramukan saiti, ka ɗaure sukurorin da suka saki.

Kuma kada ka taɓa motsa hannun alhali injin yana a kashe: haka ake fasa fuli.