Darasin Kiwo: Wace Saniya Ce Ta Dace Da Ƙaramin Gida A Bakin Tafkin Kainji?

A ƙasar Yauri, da zarar an sayar da albasa ko shinkafa kuɗi sun ɗan taru a hannu, magidanci yakan fara tunanin sayen saniya. Dalili kuwa a fili yake. Saniya tana ba iyali nono, ta ba gona taki, ta haifi maraƙin da wata rana zai ja garma, kuma ita ce asusun talaka ranar da wata lalura ta taso. Sai dai ba kowace saniya ce ke zama lafiya a kowane gida ba. Sau da yawa mutum yakan shiga kara ranar kasuwa, idonsa ya faɗa kan wata ƙatuwar Gudali mai sheƙi, ya zube duk abin da ya tara, ya jawo ta gida ana yi masa barka. Tun bazara ba ta yi nisa ba harawa ta ƙare, saniya ta rame har ana ƙirga haƙarƙarinta. Daga bisani a kira mahauci ya saye ta a kwance, a kan kuɗin da ba su kai rabin na saye ba.

Wannan darasi ya shafi magidancin da ke son ɗaure saniya ɗaya ko biyu a turke kusa da gida, a ƙananan hukumomin Yauri da Ngaski da Shanga. Mai babban garke da ke tafiya da shanunsa inda ciyawa take, nasa lissafin daban ne.

A fara da lissafin abinci

Tun kafin a je kara, ya kamata mai gida ya tsaya gaban rumbunsa da tarin harawarsa ya yi lissafi. Masana kiwo sun ce a kowace rana saniya tana buƙatar busasshen abinci kimanin kilo 2 da rabi a kan kowane kilo 100 na nauyin jikinta. Watau ke nan, saniya mai nauyin kilo 250 za ta ci wajen kilo 6 a yini, mai kilo 350 kuwa wajen kilo 9.

Bambancin kilo 3 kamar ba wani abu ba ne, sai an buga shi da kwanakin rani. A wannan yanki ruwan sama yakan ɗauke cikin Oktoba, ba ya zaunawa sosai kuma sai cikin Mayu ko Yuni. A ɗauka kwana 180 ne. Ƙaramar saniya za ta ci kilo 1,080, babba kuwa kilo 1,620. Tsakaninsu akwai kilo 540, watau nauyin da ya fi na buhu biyar na masara. Wannan kuwa harawar wake ce da ta gyaɗa da karmami da ingirici, waɗanda sai an yanka, an ɗaure, an ɗauko, an hau da su bisa rumfa, ko kuma an saye su da tsada a lokacin da kowa ke nema. Ga ruwan sha kuma, wanda a zafin bazara yakan kai lita 30 ko 40 a yini, kuma galibi mata da yara ne ke ɗebo shi.

Saniyar da ba ta ƙoshi ba nononta yakan ƙafe, ta jima ba ta nemi bijimi ba, haihuwarta ta yi nisa. Saboda haka ƙaramar saniya ƙosasshiya ta fi babba mai kwana da yunwa amfani, ko da kuwa babbar ta fi ta asali. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Abin da tafki ya kawo

Tun da aka gama gina madatsar ruwa ta Kainji a 1968, kogin Kwara ya zama tafki mai tsawon fiye da kilomita 130, ya ci gonaki da tsibirai, aka sake wa mutane fiye da 40,000 matsuguni. Tafkin yana cika da ruwan damina, sa'an nan wani ruwan ya iso daga ƙasashen Gini da Mali cikin hunturu. Daga wajen Fabrairu ko Maris sai ya fara ja da baya, ya bar fili mai danshi a gaɓa. A nan ɗanyar ciyawa ke fitowa, musamman burugu, a daidai lokacin da tudu ya bushe ƙurmus. Wannan babbar ni'ima ce ga mai saniya a Yelwa da Zamare da Wara da ƙauyukan da ke bakin ruwa.

Amma ni'imar tana tafe da cuta biyu.

Ta farko ita ce ciwon hanta. Wata tsutsa ce mai faɗi kamar ganye take zama cikin hantar saniya. Ƙwanta yana fita tare da kashi, ya shiga ruwa, ya ƙyanƙyashe, ya shiga jikin wata 'yar katantanwa da ke zaune a ruwan da ba ya gudu. Bayan 'yan makonni ya fito ya manne a jikin ciyawa, saniya ta ci shi tare da ciyawar. Alamunsa su ne rama a hankali, da kumburi a ƙarƙashin haɓa, da farin dasashi. Mahauta sun san shi sarai, domin su ne ke zubar da hantar da ta lalace.

Ta biyu ita ce sammore, wadda ƙudan tsando ke ɗauka daga dabba zuwa dabba. Ƙudan tsando yana son inuwar kurmi da duhuwar bakin rafi. Sare daji da yawan noma sun rage shi a wurare da dama, amma ba su kawar da shi ba, balle ma kusa da gandun dajin Kainji, inda namun daji ke ɗauke da ƙwayar cutar ba tare da ta kayar da su ba. Saniya mai sammore takan yi zazzaɓi, gashinta ya tashi, idonta ya riƙa hawaye, gashin wutsiya ya zube, ta rame ko da tana ci, mai ciki kuma ta yi ɓari.

A kan sammore ne ire-iren shanu suka bambanta ƙwarai, kuma a nan ne zaɓi yake.

Ire-iren shanun da ake gani

Gudali, wadda Fulani ke kira Bokoloji, saniya ce mai gajeren ƙaho da babban leɓe da sanyin hali. Tana da nono, bijiminta kuma yana da kyau wajen huɗa da kiwon turke. Amma saniyar arewa ce, ta ƙasar Sakkwato, inda iska ke bushe. Jikinta babba ne, cinta da yawa, kuma ba ta jure sammore. Wanda ke zaune a kan tudu nesa da kurmi, yana kuma da gonar wake da gyaɗa mai faɗi, zai iya riƙe ta. Wanda gidansa ke kallon ruwa sai ya yi tunani sau biyu.

Rahaji, ja mai dogon ƙaho, ba ta turke ba ce. Tafiya ta saba da ita, kuma ba ta cika yarda da baƙon hannu ba.

Azawak, saniyar Buzaye, ba ta kai Gudali jiki ba, kuma a ƙasar Nijar ana yabon ta ƙwarai wajen nono. Da girman jiki kaɗai ake dubawa, da ita ce ta dace. Sai dai 'yar sahel ce. Danshi da kaska da kirci da sammore sukan taru su kayar da ita idan an gangaro da ita kudu.

Bunaji, farar saniya mai baƙin kunne da baƙin hanci, ita ce ta fi yawa. Ƙidayar dabbobi da aka yi a Nijeriya a 1990 ta sami shanu kusan miliyan 14, kuma fiye da kashi ɗaya cikin uku Bunaji ne. Macen takan kai kilo 270 zuwa 340. A cikin shanu masu tozo ita ce ta fi daure wa danshi da cizon ƙuda, shi ya sa ake ganin ta har kudancin ƙasa. Daurewar ba ta kai a ce sammore ba ta kama ta ba. Amfaninta ga talaka shi ne tana ko'ina, kowane makiyayi ya san halinta, bijiminta ba ya wuyar samu, kuma ranar sayarwa ba a rasa mai saye.

Sai kuma ƙananan shanu marasa tozo. Muturu ita ce mafi ƙanƙanta, tsayinta bai cika wuce mita ɗaya ba, nauyinta kilo 150 zuwa 200. Tana jure sammore ƙwarai, amma nononta iyakar na ɗanta ne, kuma ba ta da jikin jan garma. Ndama asalinta tsaunukan Futa Jalon ne a ƙasar Gini. A farkon shekarun 1980 an shigo da dubbai daga Gambiya domin wuraren da ƙudan tsando ya hana kiwo, aka kai mafi yawansu kudu. Samun ta a kasuwannin Kebbi abu ne mai wuya.

Wadda ta fi cancanta mutanen bakin tafki su san ta ita ce Keteku, da ake kuma kira saniyar Borgu. Ba daga nesa take ba, tsallaken ruwa ne kawai, ƙasar Borgu ta Nijeriya da ta Jamhuriyar Benin. Ta samu ne tun da daɗewa daga haɗuwar Muturu da shanu masu tozo, galibi Bunaji. Ta fi Bunaji gajarta, tozonta ƙarami ne, wani lokaci da ƙyar ake ganin sa, ƙahonta gajere, jikinta kuma sau da yawa fari ne da ɗigon baƙi. Ta gaji wani abu na juriyar Muturu a kan sammore da kirci, ta kuma gaji wani abu na jiki da nonon Bunaji. Ba za ta cika ƙwarya ba, amma ga gidan da ke son nonon kunun yara da taki da maraƙi, kuma yake zaune inda ƙuda ke cizo, da wuya a sami wadda ta fi ta dacewa. Abin takaici shi ne tana raguwa, domin makiyaya sun fi son manyan bijimai, a kasuwa kuma dillali yakan raina ta saboda gajarta. Rainin nan kuwa riba ce ga mai saye da ya san abin da yake nema.

Wani abu da bai kamata a manta ba: jure sammore ba jure ciwon hanta ba ne. Keteku da Muturu da Gudali duk ɗaya suke a gaban tsutsar hanta.

Ƙarama daban, tsumburarriya daban

Nan ne aka fi cutar masu saye. Akwai saniyar da ƙanƙantarta ta iri ce, akwai kuma wadda yunwa da tsutsar ciki suka hana ta girma tun tana maraƙa. Ta biyun ba ta gyaruwa sosai, ko da an cika mata dusa. Ana gane ta da babban kai a kan ƙaramin jiki, da tumbi mai reto, da busasshen gashi.

Hanyar da ba ta ƙarya ita ce buɗe baki. Saniya tana da haƙoran gaba 8, duk a ƙasa. Na yarinta ƙanana ne. Tana kai wajen shekara 2 zuwa 2 da rabi sai biyun tsakiya su faɗi, masu faɗi su fito. Haka za su yi ta canzawa biyu-biyu har su cika 8 tana wajen shekara 5. To, idan dillali ya ce karsana ce 'yar shekara 2, aka duba aka ga manyan haƙora 6 ko 8, tsohuwa ce da ba ta girma ba, sai a wuce gaba.

Ga mai sayen farko, gara saniya mai goyon ɗanta na fari ko na biyu. Maraƙin shaida ne cewa tana haihuwa, kuma shanun nan ba sa sakin nono sai ɗansu ya fara tsotsa. A nemi a tatse ta a gaban mai saye, a ga duk kan nono huɗu suna kawowa. A sa ta ta yi tafiya, a duba kofato. A saurari numfashinta, a guji mai tari. Idan da hali a tafi da malamin dabbobi ko wani dattijon makiyayi da aka amince da shi. A yanzu kuma da satar shanu ta yi yawa, kada a saya sai a cikin kara, ta hannun dillalin da aka sani, da shaidu da takardar ciniki. Arha a bayan gari tana iya kai mutum gaban alƙali.

Bayan an kawo ta gida

A ware ta daga sauran shanun unguwa har mako 3 ko 4. Bushiya, wadda ta hallaka shanu masu yawa a 1983, an tabbatar da ƙarewarta a duniya a 2011, amma ciwon huhu yana nan, kuma yakan ɓuya a jikin saniyar da ake gani lafiya lau. Rigakafinsa na shekara-shekara ne, a tambayi ofishin kula da dabbobi na ƙaramar hukuma lokacin da ake yi.

Turke ya kasance a kan tudu, da inuwa, nesa da duhuwa. A shayar da ita daga rijiya in da hali, in kuwa sai an je tafki, a zaɓi wuri mai sarari da yashi, ba cikin kurmi ba. Ciyawar gaɓa gara a yanko ta daga inda ruwa bai kwanta ba, a shanya ta bushe sarai kafin a ba ta. Wannan yana rage hatsarin tsutsar hanta, yana kuma hana saniya faɗawa gonar albasar maƙwabci. Maganin hanta da na sammore a bar wa malamin dabbobi ya auna gwargwadon nauyin saniya. Raba allurar saniya ɗaya ga uku, kamar yadda wasu ke yi don rage kuɗi, shi ke sa cutar ta daina jin magani.

Saura maganar bijimi. Saniyar da ba ta da ciki tana neman bijimi duk bayan kwana 21 ko kusa da haka, kuma neman ba ya wuce yini guda, don haka a shirya da mai garke na kusa tun da wuri. Kada a haɗa ƙaramar saniya da ƙaton bijimi, domin haihuwa tana iya zuwa da wahala. Mai Keteku kuma ya sani cewa in bijimin Bunaji ne ya hau ta, ɗan zai fi uwarsa jiki, amma ba zai kai ta jure ƙudan tsando ba. Wanda ke son irin ya zauna a gidansa, sai ya nemi bijimin Keteku, ko da magidanta uku ko huɗu ne za su haɗa kuɗi su saye shi tare.