Kara da Kwanon Suna

Ɗana,

Labarinka ya iso ni ta bakin mahaifiyarka, ba ta bakinka ba. Ranar Juma'a mun yi waya da kai. Na tambayi jiki, ka ce lafiya lau. Na tambayi aiki, ka ce da godiya. Ashe kwana uku kafin nan likita a Gusau ya auna jininka ya ga 160 bisa 100, ya kuma ce suga ya fara hawa. Ban yi fushi ba, don haka aka rene mu duka, gaisuwa ba wurin kai kuka ba ce. Amma bayan gaisuwa ai akwai zama, kuma baffanka ba baƙo ba ne.

Ma'aikatan lafiya sun ce daga 140 bisa 90 mutum ya shiga hawan jini, kuma sau da yawa ciwon ba ya sallama. Ka san abokina na Bungudu da muka yi koyarwa tare. An ba shi ƙwayoyin hawan jini, ya sha wata biyu, ya ji garau, ya ajiye su a kan taga. Duk sanda na kira shi, lafiya lau. Wata asuba ya ɗauki buta zai yi alwala, butar ta suɓuce daga hannunsa na dama, hannun bai sake ɗaukar komai ba har yau. Idan na wuce dutsen Kwatarkwashi zan je duba shi, nakan tuna nawa laifin: shekara da shekaru ina tambayarsa iyali da gona, ban taɓa cewa "kana shan maganin kuwa?" ba. Kai dai kada ka ajiye naka sai da izinin wanda ya rubuta maka shi.

An ce ka daina cin tuwo gaba ɗaya, ka sayi wani shayin rage ƙiba mai tsada. Kuɗinka ne, amma da ka tambaye ni da na ce ka sayi wake da shi. Tuwon dawa bai yi maka laifi ba. Kakanka ya ci hoce, ya sha furar gero, sannan ya taka da ƙafa zuwa gonarsa ta wajen 'Yandoto ya dawo. Kai kuwa kujerar ofis tun safe har la'asar, daga nan ɗan acaɓa ya sauke ka a bakin ƙofa, ga shayi mai suga cokali huɗu da burodi, ga lemon kwalba bayan kowane abinci. Malmala biyu ta koma ɗaya, miyar ta yi yawan ganye, zogale ko rama ko kuka. Fura a dama ta ba suga, kuma a ƙaramin kofi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da babba zai ci a yini kada ya kai giram 5, wajen cokalin shayi ɗaya ke nan, har da wanda ke ɓoye cikin ɗunƙulen miya da yajin tsire. Ka roƙi maiɗakinka ta koma wa daddawa. Tafiya kuma, minti talatin a yini ta isa a fara. Ka zaɓi masallacin da ya fi nisa da gidanka.

Wannan duk mai sauƙi ne. Mai wuyar yana jiranka a nan Tsafe ranar sunan ɗan ƙanwarka. Na san gidanmu. Gwaggonka babba za ta aiko da waina, ƙarama ta aiko da shinkafa da miya, surukai su kawo dubulan da nakiya da cincin, yara su jere maka lemo mai sanyi. Kowace za ta leƙo ta ga ko an taɓa kwanonta, in ba a taɓa ba ta ce ɗan birni ya raina girkin gida. Kai kuma kara za ta hana ka cewa a'a, ka ci na wannan don kada ta ji haushi, ka ci na waccan don kada a ce ka yi bambanci. Na ga masu ciwon suga da yawa da suka kiyaye bakinsu wata guda cur, biki ɗaya ya rushe musu shi, ba don kwaɗayi ba, don kunya. Abin da zai fisshe ka shi ne ka faɗi gaskiya tun kwanon farko: "Gwaggo, likita ya hana ni." Ka ɗan gutsura don albarka, ka yaba hannunta, ka miƙa wa yara sauran. Wadda ta goya ka ba za ta so ta ga an kwantar da kai saboda nakiyarta ba. Da ta ji dalili, ita ce za ta fara korar mai kawo maka lemo, har ka gaji da tsaronta. Ni zan riga ka yi musu magana, don ta fi sauƙi daga bakin tsoho.

Ka tuna watan Satumba na 2021, da aka katse layukan waya a Zamfara, muka yi makonni ba mai jin ɗuriyar wani, kowa na cewa in ya samu layi zai kira duk danginsa? Layi ya dawo, mun koma "lafiya lau" da "sai anjima". Abokan aikinka da kuke cin tsire tare da yamma, sa'anninka ne, cikinsu ma ya fara turo riga. Ka gaya musu abin da aka gano a jikinka, wataƙila ɗaya ya je a auna shi.

Ranar sunan ka taso da hantsi, kada yamma ta same ka a hanya, ka san halin rashin tsaron da ake ciki. Ka taho da na'urar awon jinin da aka ce ka saya. Mahaifiyarka ta kwana biyu tana kukan ciwon kai tana ɗora wa zafin rana, ni ma rabona da awo tun kafin azumi.

Baffanka.