DARASIN LAFIYA: KO MASAI NA KASUWA YANA BA DA CIWON SANYI?

'Yan'uwa manoma, darasinmu na wannan wata a kan masai ne, musamman wanda jama'a da yawa suke shiga, kamar na kasuwa da na tashar mota da na makaranta da na harabar majami'a. Wani zai ce wannan ba maganar da za a karanta a gaban surukai ba ce. Gaskiya ne, tana da nauyi. Amma Littafi Mai Tsarki kansa bai tsallake ta ba, gama a Kubawar Shari'a sura 23 an umarci Isra'ilawa su keɓe wuri a bayan zango, kowa ya tafi da abin tono, ya rufe abin da ya yi. To, mu ma sai mu daure.

Ga abin da ake faɗa a ƙauyukanmu na ƙasar Daura, tun daga Sandamu har Zango da Baure. Magidanci ya dawo daga cin rani, fitsari yana yi masa zafi, mugunya tana fita. In an tambaye shi sai ya ce a masai na tasha ya ɗauko. Mace tana fama da ƙaiƙayi da farin ruwa, sai ta ce tururin masai ne ya buge ta. Waɗanda suka je Kano suka ga masai irin na Turawa, wanda ake zama a kai kamar kujera, sun fi kowa jin tsoronsa, wai wanda ya riga su zama ya bar musu cutarsa.

Likitoci sun daɗe da bincika wannan magana. Ƙwayoyin cutar da ke kawo ciwon sanyi da tunjere da ƙanjamau ba su da ƙarfi a waje. Cikin ɗumi da laimar jikin mutum suke rayuwa, da sun fito sun bushe a kan siminti ko katako ko tangaran sai su mutu. Fatar cinya kuwa katanga ce, ba sa ratsa ta. Hanyarsu ita ce saduwar namiji da mace, da jini, da kuma daga uwa zuwa jariri. Tururin nan da ake ji yana tasowa daga rami, zafin ruɓewa ne da wari. Ba shi da daɗi, amma ba ya ɗauke da ciwon sanyi.

Me ya sa muka damu da wannan? Domin ɗora wa masai laifi yana kashe gidaje. Mutumin da ya ce a tasha ya ɗauko, zai je wurin mai tallan magani ya sayi kafso biyu ko uku ya haɗiye a ɓoye, matarsa ba ta sani ba. Ciwon sanyi kuwa a jikin mace sau da yawa ba ya nuna wata alama. Sai ya hau sama a hankali ya toshe hanyar haihuwa. Bayan shekara uku dangin miji su fara cewa juya ce, alhali ita aka cuta. In kuwa ta haihu da ciwon a jikinta, idanun jaririn suna iya kumbura su yi ta mugunya tun kafin ranar suna, in ba a kai shi asibiti da sauri ba ya makance. Saboda haka wanda ya ga alama, tilas ne ya tafi asibiti tare da matarsa, a yi musu magani lokaci ɗaya, su shanye shi duka. In mutum ɗaya ya sha, ɗayan zai mayar masa. Kunyar faɗa wa mata ta yini ɗaya ce, ta fi sauƙi bisa ga makahon yaro.

Amma kada maza su ɗauki wannan darasi su mai da shi sandar dukan mata. Ba kowane ƙaiƙayi ko farin ruwa ne yake zuwa ta hanyar zina ba. Yawancinsa daga jikin macen kansa yake tasowa: lokacin da take da ciki, ko bayan ta sha kafso da yawa, ko in tana da ciwon sukari, ko in tana cusa sabulu da alif da kayan matsi. Zafin fitsari kuma yakan zo in ana wanke jiki daga baya zuwa gaba, watau ana janyo ƙazanta zuwa mafitsara. Daga gaba zuwa baya ake yi. Mata zumunta, ku koya wa 'yan mata wannan. Riƙe fitsari yini guda a kasuwa don tsoron masai shi ma yana jawo ciwon da ake gudu.

To, ashe masai na jama'a ba ya ba da cuta? Yana bayarwa ƙwarai, sai dai ta baki take shiga. Kashin mutum shi ne gidan kwalara, watau amai da gudawa, da atuni, da taifot, da shawara iri biyu, da shan inna, da tsutsar ciki. Ɗan abin da ido ba ya gani ya isa. Ku duba yadda take tafiya. Mai zawo ya shiga, ya wanke jikinsa da hannu, ya kama buta, ya kama ƙofa. Kai ma ka shiga ka kama butar nan da ƙofar nan. Ka fito ka gaisa da mutum biyar, ka ɓare goro, ka sa hannu cikin kwanon tuwo tare da 'ya'yanka. Ƙuda kuma ya tashi daga bakin rami ya sauka a kan fura da nono da tsire. Wanda ya taɓa zuwa kasuwar Mai'aduwa ran Lahadi ya san yawan mutanen da suke taruwa daga Nijeriya da Nijar, ya kuma san yawan hannun da ake miƙawa a yini ɗaya. Akwai kuma wata tsutsa mai shan jini wadda take huda tafin ƙafa in an taka danshin ƙasa mai ƙazanta ba takalmi. Ita ce takan sa yaro ya ɗashe, ya rasa ƙarfi.

Kwalara ta shigo Nijeriya a ƙarshen 1970, a 1971 kuwa ta kashe mutum kusan 3,000. A 2021 mutum fiye da 100,000 suka kamu, fiye da 3,500 suka mutu, Jihar Katsina da maƙwabtanmu Jigawa da Kano suna cikin waɗanda abin ya shafa. Da damina ta fi yin ɓarna. Dalili kuwa shi ne, wanda ya guji masai ya tafi bayan gari ko cikin gero, ruwan sama zai kwashe abin da ya bari ya kai kududdufi da bakin rijiya. Wanda ya tsuguna a daji don tsoron ciwon sanyi, shi ne ya aika wa gari duka da zawo. A Nuwamba 2019 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, mutumin Daura, ya sa hannu a kan umarnin hana yin bayan gida a fili, a 2022 kuwa Jigawa ta zama jiha ta fari da aka shaida ta daina. Daga nan zuwa Kazaure ba nisa. Abin da suka iya, mu ma za mu iya.

Saboda haka in ka shiga masai na kasuwa, ka shiga da takalmi. In irin na zama ne ka ga ya jiƙe, ka zuba ruwa ka goge, ka zauna abinka, kada ka hau kansa da ƙafa, gama yakan fashe ya yanka mutum. Babban aiki yana bayan ka fito: wanke hannu biyu da sabulu, har tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce, a kan ruwa mai zuba. In babu sabulu a yi da toka. An gwada a ƙasashe da yawa, an ga wanke hannu kaɗai yana rage zawo da wajen sulusi. Kashin jariri ma a zuba shi cikin rami, kada a ce ba kome don na yaro ne.

Ƙungiyar da za ta gina masai a majami'a ko makaranta, lalle ta lura da ƙasarmu. Jigawa ce mai rairayi, rami yakan rufta da damina in ba a ɗaure bakinsa da bulo ba. A nisanta shi da rijiya kamar mita 30, a gangare, kada rijiya ta kasance ƙasa da shi. A daɓe bisansa da siminti domin ya wanku. Akwai wata dabara da aka fito da ita a ƙasar Zimbabuwe a shekarun 1970: a kafa bututu mai faɗin inci 4 daga cikin ramin, ya wuce rufin ɗaki da rabin mita, a ɗaure bakinsa na sama da wayar sauro, cikin ɗakin kuwa a bar shi da ɗan duhu. Iska za ta fid da wari ta bututun. Ƙudan da ke cikin rami zai bi haske ya hau, waya ta tare shi, ya mutu a can. In ba a sami bututu ba, a yi wa ramin murfi mai mariƙi. Na mata dabam, na maza dabam, kowanne da ƙofa mai rufuwa.

Na ga wurare da yawa inda aka gina masai mai kyau, aka sa masa kwado, mabuɗi yana aljihun dattijo ɗaya, yara kuwa suna zagayawa bayansa. Tun kafin a haƙa rami, ƙungiya ta rubuta sunayen masu shara mako mako, maza da mata, ta kuma ware kuɗin sabulu daga asusu kamar yadda take ware na taki.

In duk da haka wani ya kamu da zawo, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari nan take. Ƙunshin da ake samu a asibiti ya fi kyau. In babu, a dama ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin lita ɗaya ta tafasasshen ruwan da ya huce. In zawon ya yi fari kamar ruwan shinkafa, a ɗauke shi zuwa asibiti ko da tsakar dare ne, ana ba shi yana kurɓa a hanya.