Yadda Ake Buɗe wa Tsohuwar Motar Gas Hanyar Numfashi

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Kalgo zuwa Jega a bayan tsohuwar Hilux da ta sha lodin buhunan shinkafa ya san abin da ke faruwa idan direba ya taka totur. Baƙin hayaƙi ne zai turnuƙe, masu babur na baya su toshe hanci, ita kuwa motar ba ta ƙara sauri ba. Ka tambayi direban, zai ce maka ta gaji. Sau da yawa numfashi ne kawai ya yi mata wuya. Injin gas, wato dizal, ba ya aiki da tartsatsin filogi. Iska yake zuƙa ya matse ta har ta yi zafi ƙwarai, sannan nozul ya fesa mai ya kama da kansa. In iskar ta yi kaɗan man ba ya ƙonewa duka, sai ya bi salansa ya fita baƙi ƙirin, man da ka saya da tsada.

Motocin da nake nufi su ne irin waɗanda har yau ke ɗaukar albasa da shinkafa da fasinja a ƙasar Gwandu: Hilux da HiAce masu injin 2L, 3L ko 5L, Land Cruiser mai injin 1HZ, da tsofaffin Marsandi 240D da 300D waɗanda aka ƙera tsakanin 1976 da 1986. Tun farko ka sani cewa injin da ba shi da turbo ba zai zama ingarman doki ba don an sake masa bututu. Abin da za ka samu shi ne ya daina shaƙewa a kan hawa, hayaƙi ya ragu, zafi ya sauka, mai ya ɗan ƙara auki.

Abin da ya sa na damu da wannan batu, a gabana ya faru. Kawuna yana da Hilux mai injin 3L a Gwandu. Wani yaro a gareji ya ce masa, "Baba, wannan akwatin ne ke danne maka mota, a cire shi a sa na zamani." Aka cire akwatin matatar iska, aka ɗaura wani kwando mai siffar mazurari a fili, kusa da injin. Motar ta riƙa gurnani mai daɗin ji. Hunturu ɗaya ta yi a haka ta fara shan baƙin mai, da safe kuma sai an tura. Ranar da aka kwance ta na zura yatsa cikin tiyon da ke kai iska injin, ya fito da jar ƙura mai laushi kamar garin lalle. Ƙurar nan ce ta cinye ringin fistin. Garin neman gira aka rasa ido, kuɗin gyaran kuwa ya ninka na kwandon sau da yawa. Irin wannan kwando an yi shi ne don titunan da ba su san ƙurar hunturu ba.

Mataki na farko: ka tabbata injin yana da lafiya

Ka tayar da motar ta yi ɗumi, ka kwance murfin baƙin mai ka ɗora shi a bakin ramin ba tare da ka ɗaure ba. In yana ɗan rawa kawai, babu damuwa. In hucin da ke fitowa yana ture shi, tururi na tashi kamar tukunya, ringi ya tafi, kuma babu bututun da zai gyara wannan. Ka dubi hayaƙin kuma. Baƙi yana nufin iska ta yi kaɗan ko mai ya yi yawa, shuɗi baƙin mai ne ke ƙonewa, fari mai yaji a ido kuwa gas ne da bai ƙone ba, yawanci daga nozul ko saitin famfon mai.

A saita bawul tun kafin a taɓa komai, domin shi ne ƙofar shiga da fita. A Marsandi 240D da 300D marar turbo, da sanyin inji, bawul ɗin shiga milimita 0.10 ne, na fita 0.30. A injin 3L na Toyota, na shiga 0.20 zuwa 0.30, na fita 0.40 zuwa 0.50. A sake matatar mai, a kai nozul wurin masu gwaji su ga yadda suke feshi.

Daga nan ka cika tanki, ka ɗauki lodin da ka saba, ka je Jega daga Kalgo ka dawo, ka sake cikawa ka rubuta lita nawa ta sha. Ka lura da giyar da kake hawa tudu da ita. Da wannan za ka gane daga baya ko aikin ya yi amfani, domin ƙara tana ruɗin kunne.

Mataki na biyu: hanyar shigar iska

Nan ne zan fi daɗewa, don nan ne injinanmu ke mutuwa. Injin mai lita 2.8 da ke juyi 3,000 a minti yana zuƙar iska wajen lita 3,500 zuwa 4,000 a kowane minti. Ka auna wannan da ƙurar watan Janairu a kan hanyar ƙauye.

Ka buɗe akwatin matatar iska, ka cire matatar, ka shafa farin tsumma a cikin tiyon da ke bayanta. Ko ɗigon ƙura bai kamata ka gani ba. In ka gani, akwai kafa a wani wuri: ko robar bakin matatar ta bushe, ko murfin akwatin ya karkace, ko tiyon ya tsage a cikin lanƙwasarsa inda ido ba ya kaiwa. Ka cire tiyon gaba ɗaya ka lanƙwasa shi a rana ka duba. Wanda ya tsage a sake shi, kada a naɗe shi da robar tayar keke. Duk inda aka ɗaure da waya a sa kilif na ƙarfe mai noti. Tiyon da ya tsufa ya yi laushi ma a sake shi, domin idan injin ya ja da ƙarfi yakan shafe kansa ya toshe hanya, da an saki totur kuma ya koma daidai kamar ba shi ba.

Akwai al'adar da muka saba, a kai matatar wurin mai faci ya hura ta da iskar taya. Wannan iska ta fi ƙarfin takardar, tana yi mata ƙananan huji. In dole ne a hura, a rage ƙarfin iskar, a huro daga ciki zuwa waje, a nesanta bakin tiyon da takardar. Bayan haka ka shiga ɗaki mai duhu ka sa tocila a cikinta. Haske ya ɓullo ko ta wuri ɗaya, a yar da ita. Kada a wanke ta da fetur ko a buga ta a jikin taya. Ka sayi mai kyau ko da za ka aika Sakkwato ko Ƙofar Ruwa a Kano, araha ba ta ado.

Yanzu ga gyaran da ke ƙara wani abu. Iskar da ke ƙarƙashin bonet tana da zafi, a watan Afrilu kuwa waje ma yakan wuce digiri 40. Duk ƙarin digiri 10 yana rage nauyin iska da kusan kashi 3 cikin ɗari, wato abin ƙona mai ya ragu. Saboda haka ka bar akwatin asali a wurinsa, ka gyara inda yake shaƙa. A jawo bakinsa da bututu mai santsin ciki, wanda faɗinsa bai gaza na bakin akwatin ba, zuwa inda iskar waje ke shiga, nesa da lagireto da bututun hayaƙi. A rage lanƙwasa iyakar iyawa.

Ga mai shiga fadama da hanyoyin ƙauye, abin da ya fi shi ne doguwar shaƙa da ake bi da ita ta gefen gilashin gaba zuwa saman rufi. Can sama ƙura ba ta kai ta wajen taya yawa ba, da damina kuma ruwa ba ya kaiwa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin waɗannan injina suna matse iska fiye da ninki 20, ruwa kuwa ba ya matsuwa. Ɗan kofi guda ya isa ya lanƙwasa sandar fistin. A kan bututun a ɗora kwanon nan mai juya iska irin na tarakta, wanda ke tara ƙura mai nauyi a cikinsa kafin ta kai ga matata. Ka riƙa zazzage shi duk safiya. Kowace mahaɗa a shafe ta da gam a ɗaure da kilif. In ka samu ɗan agogon da ke nuna ja idan matata ta toshe, ka sa shi a jikin akwatin, zai hana ka yawan buɗewa, don kowace buɗewa tana zubar da ƙura ciki.

Mataki na uku: a wanke manifol

Motocin da aka shigo da su daga Turai, musamman na shekarun 1990, da yawa suna da bawul mai mayar da wani ɓangare na hayaƙi cikin injin. Hayaƙin yana haɗuwa da tururin baƙin mai ya zama kwalta, ya cushe manifol ɗin shiga har hanya ta koma rabi. A kwance shi, a kankare, a wanke da kananzir, a shanya ya bushe sarai, a mayar da sabon gasket. Kada a bar sauran kananzir ko mai a ciki, domin injin gas yana iya zuƙarsa ya yi ta gudu ko an kashe makulli. In motar mai turbo ce, a taɓa fankar turbon da yatsa injin yana kashe. Tana taɓa bango ko tana motsi gaba da baya, a gyara ta tukuna.

Mataki na huɗu: salansa

Ka shiga ƙarƙashin motar da safe kafin ta yi zafi, ka bi bututun daga injin har wutsiya. Ka nemi inda dutse ya lotsa shi, da inda aka taɓa yin walda aka bar ƙarfe ya taru a ciki. Ka bugi tukunyar salansa da tafin hannu. In ka ji wani abu yana kaɗawa, cikinta ya ruɓe, kuma yana iya toshe hanya. Baƙin tabo a wajen gasket ɗin manifol alamar yoyo ce.

A ganina, injin lita 2.4 zuwa 3.0 marar turbo bututun inci 2 zuwa 2 da kwata ya ishe shi. Fiye da haka ƙara kawai za ka samu. Mai turbo ne ke cin moriyar faɗi sosai, inci 2 da rabi ko 3, domin turbo yana son hayaƙi ya wuce shi ba tare da turjiya ba. Ka gaya wa mai walda kada ya yanka bututu ya haɗa shi kusurwa kamar na ruwan famfo. Lanƙwasa ta zama mai faɗi, ba tare da ta matse ba. A sa tukunyar salansa irin wadda in ka leƙa za ka hango haske ta ɗaya gefen, mai bututu mai huji-huji a ciki. Kusa da injin a sa mahaɗa mai lanƙwasuwa, domin injin gas yana da jijjiga, in aka ɗaure bututun ƙam zai tsaga manifol. A rataye sauran da robobi, a bar tazarar yatsu biyu ko uku tsakaninsa da tiyon birki, wayoyi da tankin mai. Kafin a kunna walda a cire kan batir.

Wutsiyar ta fito waje sosai, a bayan tayar baya. Kada a yanke ta a ƙarƙashin bodi inda mutane ke zama a kan kaya. A 2012 hukumar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa hayaƙin dizal cikin abubuwan da ke jawo cutar daji. Kada kuma a cire tukunyar gaba ɗaya. Dokar hanya ta wajabta salansa, hukumar NESREA tana da ƙa'idojin hayaƙin mota tun 2011, maƙwabcinka kuma yana da haƙƙin barcinsa idan ka tashi fita da asuba.

Mataki na biyar: famfon mai da gwaji

Bayan an gama, wani zai ce a ɗan buɗe notin famfo a ƙara mata mai. Ni dai ba na goyon baya. Ƙarin mai ba tare da ƙarin iska ba zafi ne, zafin da allurar zafin ruwa ba ta nuna shi da wuri, sai dai ka ji kan injin ya tsage ko fistin ya narke. Wanda ya nace, ya sa agogon auna zafin hayaƙi a manifol, kada ya bar shi ya zauna sama da digiri 650 a doguwar hawa, kuma mai saitin famfo ne zai yi aikin a kan na'urarsa.

Sai ka koma hanyar Jega da lodi irin na farko, ka kwatanta man da ta sha da abin da ka rubuta. Ka sa wani ya bi ka a baya ya ga hayaƙin. Ɗan baƙi lokacin da aka taka totur ba laifi ba ne, amma ya washe nan da nan. Bayan kwana uku ka sake ɗaure notocin manifol da kilif-kilif, domin zafi yana sassauta su. Bayan mako guda kuma, ɗan'uwa, ka sake zura farin tsumman nan a bayan matata. In ya fito da ƙura, kada ka ƙara tayar da motar sai ka gano inda take shiga.