Yadda Ake Koya wa Iyaye Amfani da Babbar Waya

Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, lokacin canjin naira, dattawa da yawa suka gane ƙaramar waya mai tocila ba za ta ƙara fisshe su ba. Mai kayan miya yana cewa a yi masa tiransifa, 'ya'yan da ke nesa suna son kiran bidiyo, 'yan fanshon da ke ƙarƙashin hukumar PTAD kuma ana so su riƙa tabbatar da suna raye ta hanyar ɗaukar hoton fuska. Shawarar da kowa ke bayarwa ita ce a haɗa su da jika ya nuna musu. Ban yarda da ita ba. Jika zai fizge wayar, ya latsa nan ya latsa can, ya miƙo ya ce an gama, tsohon bai ga komai ba sai gilmawar yatsu.

Fara da wayar. Kada ka ba su tsohuwar taka mai fasasshen gilashi, wadda caji ke ƙarewa kafin azahar. Tecno ko Itel mai faffaɗar fuska da batiri mai ƙarko ta wadatar. Farashi dai kullum sabo ne, ka tambaya a kasuwar waya ta Farm Centre ko wadda ke kusa da kai. Sa mata riga da gilashin kariya.

Kafin ka miƙa, ka gyara ta kai kaɗai. Ƙara girman rubutu, ƙara ƙarar kira, kwashe duk manhajar da ba sa buƙata daga shafin farko, ka bar kira, WhatsApp, kyamara da tocila. Mayar da lokacin mutuwar haske zuwa minti 2, don kafin Baba ya lalubo tabarau fuskar ta yi duhu, shi kuma sai ya ɗauka ya lalata wani abu. Sa wa kowane suna hoton mai shi. A WhatsApp kashe saukar hotuna da bidiyo da kansu, in ba haka ba gaisuwar Juma'a ta zauren dangi kaɗai za ta cinye datar wata. Tura STOP zuwa 2442 don rage saƙonnin talla.

Yanzu zama. Doka ɗaya ce: wayar tana hannunsu, naka hannun yana kan cinyarka. Abu ɗaya a rana, minti 15, bayan la'asar ko duk lokacin da hankali ke kwance. Kada ka ce "ai na nuna muku jiya". Wannan magana ita ke sa dattijo ya mayar da waya cikin kwali ya ce shi ya tsufa. Ka ce, "Inna, ku sake gwadawa, babu abin da zai lalace."

Saƙon murya za ka fara koyarwa, domin ba ya buƙatar boko. A danne hoton makirfo, a yi magana, a saki. Yatsa yakan zame a tsakiyar gaisuwa, saboda haka nuna musu jan shi sama ya kulle. Su tura wa wanda zai amsa nan take. Jin muryar 'yarsu ta dawo ya fi duk wani lallashi. Daga nan sai lambobin dubawa: duba kati *310#, duba data *323#, a kowane layi. Rubuta su a littafi da manyan baƙaƙe, da ajami in shi suka fi karantawa.

Sai kuɗi, kuma nan ne ake jinkiri. Ka je banki tare da su a buɗe asusu na biyu, ko a rage iyakar abin da za a iya turawa a rana. Fansho da ajiya su zauna a asusun da ba a haɗa da waya ba. Ni na fi son a fara da lambar banki ta dannawa, irin *894# ta First Bank ko *919# ta UBA, saboda ba ta buƙatar data, sai dai tana yankewa in an yi nawa. Wanda idonsa ko hannunsa ke da rauni, manhajar banki mai buɗewa da zanen yatsa ta fi masa sauƙi. Su yi ta tura maka naira 100 har hannu ya saba. Lambar asusu alƙaluma 10 ce. Bayan shigar da ita suna zai fito, su karanta shi da babbar murya kafin su sa lambar sirri, kowane lokaci. Lambar sirri kuma ban da shekarar haihuwa, ban da 1234, ban da rubuta ta a bayan katin ATM, ban da faɗa wa mai POS ya danna musu.

Abin da ya fi wuya ba a cikin waya yake ba. Iyayenmu sun tashi da cewa katse mutumin da ya yi maka sallama rashin mutunci ne, 'yan damfara kuma da wannan kunyar suke cin abinci. Mutum zai kira da Hausa tsantsa, ya ambaci cikakken suna, ya ce daga banki ne za a rufe asusu, ko an samu tallafi, ko kujerar Makka, sai a karanto BVN ko lambar da ta shigo yanzu. Wani ya ce taron zauren masallaci za a yi ta intanet, a faɗa masa alƙaluma 6 da aka turo. Da su zai ƙwace WhatsApp ɗin ya shiga roƙon dangi kuɗi da sunan Alhaji. Wa'azi ba ya maganin wannan, sai atisaye. Ba su jimla ɗaya su haddace: "Zan je banki da kaina." Daga nan su kashe. Bayan kwana biyu ka sa abokinka ya kira su da baƙuwar lamba ya gwada su. In sun faɗa tarko kada a yi dariya, kada kuma labarin ya kai kunnen surukai, a sake gwaji kawai. Kunna musu tabbatarwa mai mataki biyu a WhatsApp, ka sa wa layin kansa lambar sirri saboda ɓarayin waya, amma ka adana kwalin layin, don kuskure 3 zai kulle layin sai da lambar PUK da ke jikin kwalin.

Masu sana'a a cikinsu su sani saƙon alat ana ƙirƙirarsa. Sai sun duba kuɗin ya hau asusu kafin su ba da kaya.

Tambayi bankinsu lambar toshe asusu in waya ta ɓace, ka rubuta ta a shafin farko na littafin nan tare da lambarka, littafin kuma a ajiye shi a gida, kada ya riƙa yawo a aljihu ɗaya da wayar.